Shekara ashirin ina rap a lungu, yau rediyo ta kira ni, aminina ya ce na sayar da hara

"Assalamu alaikum Yaya. Ni haifaffen Jidda ne, kakana ne ya zo aikin hajji daga ƙasar Kano ya zauna, duk nan aka haife mu amma har yau da igama, wato takardar izinin zaman baƙo, muke zaune. Shekarata 41, ina da mata da yara uku, da rana ina tuƙi a wani kamfanin kai kaya. Tun ina saurayi nake rap, Hausa da Larabcin Hijaz a gauraye yadda muke magana a hara, wato unguwa, ni da aminina wanda shi ke haɗa min kiɗa tun farko. A ɗakinsa muke ɗauka, mu jingina katifa a bango, mu raba ta bulutut, daga baya YouTube. Kuɗi ba mu taɓa samu ba, amma yaran hara sun haddace waƙoƙinmu saboda rayuwarmu muke faɗa, igama, tarhil wato korar baƙo daga ƙasa, iyayenmu mata masu talla a bakin titi. Bara na yi wata waƙar soyayya mai sanyi kusan duk da Larabci, da wani yaro mai kiɗa daban, ta fashe a TikTok har wata FM ta ɗauka tana sawa. Yanzu wani kamfani ya kawo min takardar shekara uku da kuɗin kafin alƙalami da ban taɓa riƙe irinsu ba, amma suna so Larabci zalla, su za su zaɓi mai kiɗa, kuma tsoffin waƙoƙina duka su koma hannunsu. Aminina ya daina ɗaga wayata, ya sa a status wai wasu sun sayar da hara. Matata ta ce in sa hannu, haya ta yi mana nauyi tunda aka rushe unguwarmu. Hajiyata kuma dama bata son waƙar, ta ce tunda yanzu duniya na ji gara in bari. In na ji muryata a rediyo sai in ji daɗi, can kuma sai kunya ta rufe ni. Ya zan yi?"

Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya raya yaran, ya ƙara wa Hajiya lafiya. Daɗin nan da kake ji in ka ji muryarka a motar wani a danja, kar ka ji kunyarsa, shekara ashirin ka yi kana rubutu bayan ka taso daga aiki a gajiye, ba wanda ya biya ka ko riyal ɗaya, toh in yau an ji ka ai ba sata ka yi ba. Kunyar kuma ban ce ka watsar da ita ba, domin ruwa baya tsami banza, amma ni a karatun da na yi wa wasiƙarka ba rediyo ce ta kawo ta ba. Takardar nan ce da aka ajiye maka, da kuma aminin da ya daina ɗaga waya.

Bari mu fara da rediyon tunda ita ce aka fi ɗora wa laifi. Ka tuna yadda garin yake lokacin da kuka fara. Babu dandalin da za ku hau, babu lasisi, babu gidan rediyon da zai kalli rap balle na ɗan takari, in an yi taro sai dai a istiraha, wato gidan hutu na haya, a ɓoye ana kallon ƙofa. Lungu ba zaɓarsa kuka yi ba a lokacin, shi kaɗai ne wurin da ya karɓe ku. Sai a 2011 Big Hass ya fara shirin Laish Hip Hop a Mix FM, wanda shi ne shirin rap na farko a FM ɗin ƙasar nan, a shekarar ne kuma mawaƙin rap Qusai ɗan Jidda ya fara gabatar da gasar Arabs Got Talent a tashar MBC. A 2016 aka kafa hukumar nishaɗi, a Disambar 2019 aka yi bikin kiɗa na Soundstorm na farko a Riyad, a 2020 aka kafa hukumar kiɗa ƙarƙashin ma'aikatar al'adu, yanzu har cikin Balad, tsohon garin Jidda, ake kafa sifika a yi bikin Balad Beast. Ƙofar da kuka yi shekaru kuna bugawa ce aka buɗe, kuma mutanen da suka fi kowa cancantar shiga su ne irinku da suka riƙe abun lokacin da babu riba sai haɗari. Mu a wajenmu ma wannan ba sabon abu ba ne. Ɗanmaraya Jos da ɗan kuntiginsa ya yi wa karen mota waƙa, ya yi wa talaka waƙa, rediyo ta ɗauka ta kai ta ko'ina, Shata kuwa ai rediyon Kaduna ta kai muryarsa garuruwan da ƙafarsa bata taka ba, ba wanda ya ce sun ci amanar talakawa don an ji su a akwati. Abin da mutane suke dubawa shi ne ko bakinka ya canza bayan an ji ka.

Nan ne kuma aminin naka yake da gaskiyarsa, kuma ina so ka ji ta da kyau ko da ya faɗe ta ta hanyar da bata dace ba. Lungu bai ba ku kuɗi ba amma ya ba ku abu ɗaya mai tsada, ba wanda ya taɓa cewa ku cire baiti. FM tana son minti uku, amshi mai daɗi da za a iya maimaitawa, bata son maganar tarhil, bata son maganar matar da baladiyya, wato hukumar birni, ta kwashe wa kaya. In ka shekara uku kana rubuta abin da wani ya zaɓa maka, da mai kiɗan da wani ya zaɓa maka, da harshen da wani ya zaɓa maka, wallahi hannu yana sabawa, ranar da ka zo rubuta irin na da sai ka tarar alƙalamin yayi nauyi. Sannan masoyan TikTok daƙiƙa goma sha biyar suka sani a waƙarka, da yawansu ko sunanka ba su riƙe ba, wata mai zuwa wani sautin za su bi. Yaran da suka haddace baitocinka tun suna makaranta yanzu magidanta ne, su ne za su zo in ka kira taro kana da shekara hamsin. Duk lissafin da za ka yi, kar ka yi shi kamar waɗancan sun maye gurbin waɗannan.

Amma ni ban yarda cewa fushin amininka na aƙida ne kawai ba. Ka sake karanta abin da ka rubuto min. Shekara ashirin a ɗakinsa, da kwamfutarsa, da wutarsa, da barcinsa, ranar da abu ya fashe kuma sai ya zama da wani yaro aka yi. Baka faɗa min ko ka sanar da shi kafin waƙar ta fita ba, in kuma a waya ya gani kamar kowa toh ka san inda ciwon yake. Yanzu kuma ya ji ana cinikin tsoffin waƙoƙi, waɗanda kowane kiɗa a cikinsu shi ya zauna ya haɗa. Ƙanena waƙoƙin nan ba naka ba ne kai kaɗai, ba a zumunci ba, ba a doka ba. Kowace waƙa haƙƙi biyu ne a cikinta, akwai haƙƙin ƙirƙira wato baiti da karin kiɗa, akwai kuma haƙƙin sautin da aka ɗauka, wanda 'yan harkar ke kira masta. Baitin naka ne, kiɗan nasa ne, sautin kuma ku biyu kuka yi shi a ɗakinsa. In ka sa hannu ka ce duk naka ne ka miƙa, ka sayar da abin da ba naka ba, kuma irin waɗannan takardu yawanci akwai sakin layin da kake rantsewa cewa kai kaɗai ke da haƙƙi, in wani ya taso daga baya kai za ka biya. Kaga ko don kare kanka ba za ka iya tsallake shi ba.

Toh maganar tsoffin waƙoƙin, a nan zan tsaya da ƙarfi: kar ka sayar. Ka tambayi kanka, kamfanin da ya ce baya son Hausa a bakinka me zai yi da waƙoƙin Hausa na shekara ashirin? Ko dai ya ga suna da daraja yana so ya same su da araha tun baka farga ba, ko kuma yana so ya sauke su daga intanet don kar su ɓata sabon hoton da zai yi maka. Duk wanda ya zama a cikin biyun kai ne da asara. A Amurka akwai ƙungiyar De La Soul, manyan rap ne tun ƙarshen shekarun 1980, amma saboda rikicin tsoffin takardu da na guntayen kiɗan wasu da suka ɗora a kai, faifansu na farko-farko ba su hau manhajojin sauraron waƙa irin su Spotify ba sai a Maris 2023, ɗaya daga cikinsu ya rasu saura 'yan makonni a sake su. Waɗannan fa suna da lauyoyi da suna a duniya. Kuma naka ya fi nasu nauyi ta wani ɓangaren, domin harar da kuka yi wa waƙa babu ita yanzu. Tun daga ƙarshen 2021 zuwa 2022 aka rushe unguwannin Gulel, Bitrumin, Sabil, Karantina da sauransu, mutane suka watse, wani ya yi kudu wani ya yi gabas wani ya koma Makka wajen dangi a Shara Mansur. Yaron da aka haifa yau in yana so ya san yadda ake magana a lungunan nan, yadda Hausa da Larabci suke cakuɗuwa a bakin ɗan Jidda, sunayen kwanoni da masu shayi da wasan da ake yi bayan la'asar, a waƙoƙinku zai ji. Wannan ba abin da za a miƙa wa wanda zai iya kulle shi a durowa ba ne.

In sun nace suna son su, akwai bambanci tsakanin sayarwa da ba da izini, kamar bambancin sayar da gona da ba da ita haya. Izini na nufin mallaka tana hannunku, su kuma suna rarrabawa na shekaru ƙididdigaggu, biyu ko uku, a raba abin da ya shigo, wa'adi na cika komai ya dawo gida ba tare da sai kun roƙa ba, kuma a rubuta cewa ba su da ikon saukewa ko yanke baiti sai da sa hannunku ku biyu. In suka ƙi wannan ma, a cire tsoffin waƙoƙi daga takardar gaba ɗaya a yi maganar sababbi kawai.

Kuɗin kafin alƙalamin nan kuma da ya tsole maka ido, ka sani a yawancin irin wannan takarda ba kyauta ba ne, bashi ne da za su cire daga kasonka kafin ka ƙara ganin ko halala ɗaya, wato kwabon riyal. Kuma ba shi kaɗai ba, sau da yawa kuɗin situdiyo, kuɗin bidiyo, kuɗin talla duk a kanka ake rubutawa, sai ka ga waƙa tana ta tashi a gari kai kuma a littafinsu har yanzu ana bin ka. Ka duba kaso nawa ne naka kuma daga me ake lissafa shi, kafin a cire kashe-kashe ko bayan an cire. Ka duba shekara ukun nan ko da gaske uku ce, domin akwai inda ake ɓoye cewa kamfani na da damar sabuntawa shi kaɗai sau ɗaya ko biyu, ukun ta zama tara. Ka duba ko suna da kaso a wasan da za ka yi a dandali da tallan da za ka samu da kanka. Sunanka na waƙa, da shafinka na YouTube da TikTok da Instagram, kar su fita daga hannunka ko da wasa. Sannan a rubuta cewa in suka ɗauki waƙa suka ajiye ba su sake ta ba cikin wani lokaci, ta dawo gare ka, saboda babban abin da ke kashe mawaƙi mai shekarunka shi ne a ɗaure shi a ajiye, baya fita a wajensu kuma ba shi da ikon fita a wani wuri. Duk wannan ba aikin da za ka yi kai kaɗai da dare a waya ba ne. Ka nemi lauya mai lasisi wanda ya san harkar haƙƙin mallaka, naka na kanka da kai ka biya, ba wanda kamfanin ya nuna maka ba. Akwai hukumar haƙƙin mallakar fasaha ta ƙasa, SAIP, ita ke kula da wannan fannin, lauyan zai gaya maka abin da za ku iya yi wa rajista. Kuɗin zama ɗaya da lauya ba zai kai asarar sakin layi ɗaya da baka gane ba.

Akwai kuma abin da ban ga ka ambata a matsayin matsala ba alhali shi ya fi komai tsorata ni, igamarka. Kai ka fi ni sanin cewa mai igama ba shi da izinin yin aiki a wajen wanda ba kafilinsa ba, wato wanda ya ɗauki nauyin igamarsa, ko yin sana'ar kansa, kuma hukuncin yana kaiwa ga tara da ɗauri da tarhil. Lokacin da kuke lungu ba kuɗi ba suna, ba wanda ya damu. Yanzu kuɗi za su shiga asusunka da sunan waƙa, fuskarka za ta hau allo, kuma duk wanda ya yi suna yana samun mai hassada da zai iya kai ƙara. Kafin ka yi maganar kaso ko harshe, ka tambayi kamfanin a rubuce: da wane matsayi za ku biya ni? Za ku ɗauke ni aiki ne a mayar da kafalata kanku ta Qiwa, shafin ma'aikatar ƙwadago, da sana'ar da ta dace, ko yaya? Wa zai nemo izinin hawa dandali? In akwai talla a shafukanka, ka sani tun 2022 sai da lasisin Mawthooq ake yi, riyal 15,000 na shekara uku, kuma ga wanda ba ɗan ƙasa ba sharuɗɗan sun fi tsauri. Kamfanin kirki zai amsa waɗannan ba tare da ɓata rai ba, wanda ya ce maka kar ka damu za mu san yadda za a yi, ka tashi ka bar masa shayinsa. Ka kuma lura, in kafalarka ta koma hannun wanda ke riƙe da waƙoƙinka, ranar da kuka saɓa ba waƙa kaɗai ke cikin haɗari ba har zaman iyalinka, don haka wannan ma lauya ya duba yadda za a fita kafin a shiga. Yaranka uku ba su san wata ƙasa ba sai wannan. Aikin tuƙin nan kar ka sake shi sai ka ga komai a rubuce kuma ya bayyana a Absher ɗinka, manhajar gwamnati da ke nuna bayanan igamarka.

Maganar Larabci zalla, ni ina ganin kamfanin ne bai yi lissafi da kyau ba, kuma kana da hujjar da za ka zauna da su da ita. Lokacin da aka buɗe jadawalin waƙoƙi na hukuma na yankin Larabawa a ƙarshen 2022, waƙar da ta fara hawa lamba ɗaya ta Rema ce ɗan Najeriya, babu kalmar Larabci ko ɗaya a ciki. Yaran Sudan da suka tashi a ƙasar nan irin su Dafencii da bakinsu na Sudan suka fito, ba su goge shi ba, shi ne ma ya sa aka gane su. Masu waƙar soyayya da Larabci mai sanyi sun cika gari, da yawansu sun fi ka ƙuruciya, in ka shiga layinsu kai ne na ƙarshe. Wanda zai buɗe baiti da Hijazanci ya rufe shi da Hausa kuma kowanne ya zauna daram, ku nawa ne? Ga kuma miliyoyin masu jin Hausa a Najeriya da Nijar da Gana da Kamaru da Sudan waɗanda labarin ɗan takari haifaffen Jidda zai zame musu sabon abu, suna jin sunan Makka da Jidda kullum amma ba su taɓa jin rayuwar bayan Harami daga bakin ɗanta ba. Ba zan ɓoye maka ba, kuɗin da ake samu daga sauraro a can bai kai na Gulf ba, amma jama'a ce, kuma jama'a ita ke sa kamfani ya saurare ka. Abin da zan ba ka shawara ka nema shi ne, waƙoƙin da za su kai rediyo a yi su yadda rediyo ke so amma a bar maka amshi ko baiti ɗaya da Hausa, sannan a rubuta maka a fili cewa kana da 'yancin fitar da aikinka na kanka sau ɗaya a shekara, da harshen da ka ga dama da mai kiɗan da ka ga dama, ta hanyar masu rarrabawa irin su DistroKid ko TuneCore da ake biyan kuɗin shekara mallaka ta zauna a hannunka, ya hau Anghami da Spotify da Audiomack. In ka samu wannan, waƙar soyayya a FM ba ta rage ka da komai ba. Soyayya ma ai a hara ake yinta.

Kafin ku sake ɗora tsoffin nan a ko'ina da sunanka na yanzu, ku zauna ku saurare su ɗaya bayan ɗaya da kunnen magidanta. Duk wadda aka ɗora a kan kiɗan wani da aka sauko da shi daga intanet ba izini, sai an sake mata kiɗa, wannan ma aiki ne da zai dawo da amininka kan kujerarsa. Duk wadda ke da ashar ko kiran sunan wani a faɗan ƙuruciya, ku ajiye ta a gida. Dokar laifukan intanet ta 2007 tana da hukuncin da ya kai ɗaurin shekara biyar da tarar riyal miliyan uku a kan abin da aka ga ya taɓa tarbiyya ko addini ko zaman lafiyar jama'a, kuma ka ga yadda aka yi ca a kan yarinyar da ta yi rap a kan 'yan matan Makka a 2020, har da masu jifanta da launin fatarta. Faɗin wahalar uwa mai talla daban, zagi daban, na farkon shi ne gadonku, na biyun ba abin da za ka rasa in ka bar shi.

Amininka kuma kar ka ƙara kiran waya, kar ka mayar masa da status, ka taka da ƙafarka har gidansa bayan isha, in kana ganin ba zai buɗe ba ka tafi da wani babba da ku biyun kuke jin nauyinsa. Kar ka fara da kare kanka. Ka ce masa ya kamata ya ji maganar waccan waƙar daga bakinka tun kafin ta fita, ka ba shi haƙuri a kan wannan kawai, ba a kan nasarar ba. Sannan ka ajiye masa takardar kamfanin ya karanta da idonsa, ka ce ba za ka taɓa tsoffin waƙoƙi ba sai da shi, ku rubuta kason kowa a kowace waƙa ku sa hannu da shaidu biyu, ko da kamfani ko babu. Mai yiwuwa ya huce a daren, mai yiwuwa ya ɗauki watanni, mai yiwuwa ma ya kasance cikin mutanen da har ga Allah ba sa son harkar kamfani kuma ba za su taɓa so ba, wannan ra'ayinsa ne kuma ba dole ya bi ka ba, kamar yadda kai ma ba dole ka zauna a inda ya tsaya ba. Ko ya ƙi kulawa, kasonsa ka rubuta ka ajiye masa. Shi ma in yana karanta wannan, ina ce masa habaici a status ba girmansa ba ne, mutumin da kuka ci tuwo a kwano ɗaya shekara ashirin ya cancanci a faɗa masa magana a fuska.

Maiɗakinka tana da gaskiya ɗari bisa ɗari a kan haya, ita ke ganin tukunya, ita ke amsa tambayar yara, kuma shekarun nan da kake situdiyo da dare ita ta riƙe gidan. Kar ka ce mata bata gane fasaha ba. Ka zaunar da ita ka nuna mata cewa kuɗin bashi ne, ka nuna mata maganar igama, ka ce ba ƙin sa hannu kake ba, gyara kake nema don kar a ci na wata shida a yi kukan shekara uku. Mace da ta yi wannan haƙurin za ta gane lissafi in an yi mata shi da gaskiya. In kuɗin suka shigo kuma, hayar shekara da kuɗin sabunta igamar iyali su fara fita, mota ta jira.

Hajiya ita ce mai wuya, kuma ba zan yi maka fatawa ba, hukuncin kiɗa magana ce ta malamai, da yawa sun hana wasu sun sassauta da sharuɗɗa, ka je wajen malamin da ka yarda da iliminsa da tsoron Allahnsa ka tambaya tsakaninka da Allah ba don neman wanda zai faɗi abin da kake so ba. Abin da zan ce kawai, kar ka yi mata ƙarya ka ce ka bari alhali jikokinta za su nuna mata a waya. Sau da yawa tsoron uwa irin tamu a ƙasar nan ba na kiɗan kaɗai ba ne, tsoron idon hukuma ne da bakin mutane, ta rayu tana koya muku ku sunkuyar da kai kar a lura da ku, yau ga ɗanta a rediyo. Ka zauna a gabanta ka karanta mata baitocin da ka yi wa mata masu talla, ba kiɗa ba komai, da bakinka kawai, ta ji me ɗanta yake faɗa shekarun nan. Ka tambaye ta me take tsoro takamaimai, ka yi mata alƙawarin abin da za ka iya cikawa, ba ashar, ba bidiyon da za ta ji kunya a gaban ƙawayenta, ba wasa lokacin sallah. In bayan duk wannan ta tsaya a kan a'a, toh ka dawo mu sake magana, domin wannan ya wuce maganar kamfani.

Zai iya yiwuwa ka kai musu gyare-gyaren nan su ce ko duka ko babu. In haka ta faru ka nemi a yi yarjejeniyar waƙa ɗaya ko biyu kawai a gwada juna, in nan ma sun ƙi ka haƙura da su, kuma ba zan yi maka daɗin baki in ce tabbas wani zai zo gobe ba, zai iya zuwa zai iya ƙin zuwa. Amma waƙar da ta fashe ba su suka yi ta ba, kafin su zo ta fashe, mai gabatar da shirin da ya sa ta a FM yana nan kuma za ka iya kai masa ta gaba da hannunka. In kuma suka yarda suka cire hannu daga tsoffin waƙoƙi, suka gyara maganar igama, suka bar maka aikinka na shekara, amma suka tsaya a kan nasu waƙoƙin su zama Larabci, ni a ganina ka sa hannu da zuciya ɗaya, baka ci amanar kowa ba.

Ka ce musu kana buƙatar sati uku. A ciki ka ga lauya, ka ga amininka, ka yi istihara, kuma duk gyaran da suka amince da shi a baki ko a WhatsApp sai ka gan shi a cikin takardar kanta, ta Larabcin, domin ita kotu za ta karanta. Ka gaida Hajiya da maiɗakinka, ka rubuto min abin da lauyan ya ce a kan kafalar.